Gangare Biyu

Tudunmu yana kallon Alba ta kafaɗar hagu.
A fuskarsa ta kudu, inda rana ke yada zango,
mahaifina Ottavio ya dasa Nebiyolo.
Can bayan rijiya, inda ƙasa ta fi nauyi,
mahaifiyata Ermelinda ta ce a bar mata Barbera.
Shekara arba'in da ɗaya suna musu a kan tebur guda.

Nebiyolo ɗan gata ne.
Shi ke fara buɗe ido tun sanyi bai naɗe tabarmarsa ba,
shi ne kuma na ƙarshen nuna,
sai Oktoba ta tsufa,
hazo ya cika kwari kamar madara a kwano.
Fatarsa ba kauri, launinsa ba ya cika ido,
kana hango yatsanka ta cikin kofi.
Amma kurɓa ka ji:
bauri ya damƙe dasashi kamar ɓawon rumman,
ƙamshin busasshen fure da na kwalta a numfashi ɗaya.
Shekara uku a ganga kafin ya amsa gaisuwarka.
Baba ya ce, wanda bai iya jira ba, ba nasa ba ne.

Barbera ba ta san jan aji ba.
Inda ka sa ta, nan take kamawa,
ta zuba 'ya'ya har waya ta lanƙwashe,
baƙaƙe wuluk, su rina tafin hannu kwana uku.
Tsaminta yana wanke maiƙo daga baki.
Inna ta ce, wannan ce ta san yunwa,
ita ke zama da taliya ranar Talata,
ba sai an yi baƙo daga Torino ba.

Shekarar da na cika sha huɗu
ƙanƙara ta sauko ranar tara ga Oktoba,
minti goma sha biyu, ba ƙari.
Barbera ta yi sati biyu a ganga tana tafasa.
Nebiyolo na kan reshe yana jiran hazonsa.
Na ga Baba tsakanin layuka, hula a hannu,
'ya'yan sun fashe, zanzaro na shagali.
Da Barbera aka biya kuɗin makarantata,
da ita aka toshe rufin da ke yoyo.
Inna ba ta ce "ai na faɗa" ba.
Ta dai ƙara masa miya.

Gangarsa ta ƙarshe, shi ya rubuta mata shekara da alli,
ya buga cikinta sau biyu kamar mai sallama.
Bai ga hunturu na biyu ba.
Sai a shekara ta shida muka buɗe,
ni da Inna, da fitila ɗaya a ɗakin ƙasa.
Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta daɗe.
Baurin ya kwanta, furen ya tashi.
Ta ce, mai taurin kai,
sai da ya tafi sannan ya yi laushi.

Jiya Fiorenzo dillali ya hau tudu da takalmin birni,
takarda a hammata, lissafi a baki:
tumɓuke Barbera, dasa Nebiyolo,
kwalba ɗaya ta ci kuɗin uku.
Ban ce ƙarya yake yi ba.
Na bi layukan bayan rijiya da almakashi,
Fabrairu na cizon kunne,
ina rage rassa, ina barin ido biyu biyu
yadda ta koya mini.
Tana zaune bakin taga da bargo a gwiwa,
ba ta gani sosai yanzu,
amma tana jin ƙarar almakashi,
ta san a wane gangare nake.

Na ce masa ya dawo bayan girbi.
Ban faɗa masa na wace shekara ba.